Yadda Ake Kai Iyali Taron Addu'a A Abuja, A Kuma Ga Gari

Duk shekara, a Lahadin da ke gab da 1 ga Oktoba, akan yi sujadar godiya ta haɗin kan ɗariku a Cibiyar Kirista ta Ƙasa da ke Abuja, wadda direbobin tasi suka fi sani da Ikumenikal. Akan yi irinta kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, haka ma gab da 12 ga Yuni, ranar dimokuraɗiyya. Ban da waɗannan, ɗariku da ƙungiyoyi suna kiran nasu tarukan addu'a a babban birnin. Mu da ke Kafanchan, Jos, Zariya, Biliri ko Numan, a talabijin muka saba ganinsu, har ranar da wani yaro zai ɗago kai ya ce, "Baba, mu yaushe za mu je?"

Na kai nawa sau biyu: ni da maman yara, yara uku, da kakarsu. Zuwan farko mun sha wuya, na biyu mun ji daɗi, kuma kuɗin da muka kashe kusan ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne, a karon farko mun mai da yawon gari babban abu, addu'ar ta zama cikon benci. 'Yan kasuwa kan ce kada riba ta cinye uwa. A wannan tafiya addu'a ce uwar kuɗi, ganin gari riba ce, kuma duk matakan da ke ƙasa a kan wannan lissafin na jera su.

Mataki na farko: ku san taron da za ku je

Kafin a yi maganar mota ko masauki, a samo amsar abu huɗu: ranar taron, ƙarfe nawa ake farawa, a ina, kuma ko kowa na iya shiga. Kada ku dogara da hoton sanarwar da aka turo a WhatsApp, domin wani lokaci na bara ne yake sake zagayowa. Ku tambayi fastonku, ko sakataren Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na ƙaramar hukumarku, ko wani ɗan ikilisiya da ke zaune a Abuja wanda zai iya tabbatar muku.

Tarukan iri-iri ne, kuma ba kowanne ya dace da ƙananan yara ba. Sujadar ƙasa, irin ta bikin 'yancin kai, manyan gwamnati da hafsoshin soja suna halarta. Saboda haka akwai bincike a ƙofa, akan tare wasu hanyoyi, kujerun gaba kuma na masu katin gayyata ne. Tana da kwarjini, ƙungiyoyin mawaƙa suna ba da mamaki, amma zama ne na natsuwa da ba ya son kukan jariri. Taron ɗarika, kamar na zumuntar mata ko na matasa, ya fi sauƙi: kuna cikin naku, in yaro ya yi rigima akwai iyaye goma da za su karɓe shi. Addu'ar dare kuwa, wadda ake kwana a zaune har asuba, shawarata ita ce kada a kai yaron da bai kai shekara goma ba. In ya zama dole, ɗaya daga cikin iyaye ya zauna da ƙanana a masauki.

Sai maganar harshe. Manyan tarukan Abuja da Turanci ake yinsu. In kuna tafe da tsohuwar da Hausa kawai take ji, za ta yi awa uku tana kallon bakin mai wa'azi. Maganin abin shi ne ku nemo majami'ar da ke da sashen Hausa kusa da masaukinku. ECWA da COCIN da sauran ikilisiyoyinmu na Arewa suna da su a unguwannin kewayen birni irin su Karu, Nyanya, Mararaba da Kubwa. In babban taron na yamma ne, sai a yi sujadar Hausa da safe, Kaka ta rera waƙoƙin da ta sani, sannan a wuce.

Ku karɓi takardar shaida daga hannun fastonku mai ɗauke da hatimin ikilisiya. Ba kullum ake tambayarta ba, amma ita ce ke buɗe ƙofar masaukin baƙi na coci, kuma in wata matsala ta taso kuna da inda za ku nufa.

Mataki na biyu: kwana nawa, kuma a wane lokaci

In taron na Lahadi ne, tsarin da ya fi yi mini daidai shi ne kwana uku: Juma'a a hanya, Asabar ganin gari, Lahadi sujada, Litinin komawa. Masu zuwa Asabar da yamma su juya Lahadi da dare suna jefa kansu cikin tafiyar dare, abin da ba na yi da iyali ko da kyauta ne.

Asabar ta fi dacewa da yawo domin ofisoshi a rufe suke, titunan tsakiyar gari kuma fayau. In kun iso ranar Juma'a da rana, ku kauce wa kewayen Masallacin Ƙasa daga wajen sha biyu da rabi zuwa uku, lokacin sallar Juma'a ne, motoci kan cika ko'ina.

Ku duba yanayi ma. Farkon Oktoba damina ba ta gama tafiya ba a Abuja, ruwan yamma kan sauko ba sallama. Janairu hunturu ne, da hazo da sanyin asuba, kuma hazon kan rufe duwatsun da kuka zo gani. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani, wanda mutumin Jos zai ji a jikinsa tun daga Akwanga.

Mataki na uku: kuɗi

Ku je tasha da kanku ku tambayi kuɗin mota na wannan makon, domin farashi yana bin kuɗin mai. Sannan ku kasa kuɗin gida bakwai: zuwa da dawowa, masauki, abinci, zirga-zirgar cikin gari, baiko, tsaraba, da na ko-ta-kwana. Kowanne a ambulan ɗinsa ko a rubuce a takarda. Na dawowa kuma a ba uwargida ta ɗaure a bakin zane, kada kowa ya taɓa shi.

Wanda ke yaudarar baƙo shi ne na zirga-zirgar cikin gari. Abuja a warwatse take, ba garin da ake takawa da ƙafa daga nan zuwa can ba ne, kuma mutum shida ba sa shiga ƙaramar tasi ɗaya. Duk abin da kuka ƙiyasta a wannan kason, ku ƙara rabinsa a kai. Ku riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado tare da katin banki, saboda ranar da kuka fi buƙatar tura kuɗi ta waya ita ce ranar da sabis zai ɗauke. A tanadi ƙananan kuɗi tun daga gida domin kowane yaro ya jefa baikonsa da hannunsa.

Mataki na huɗu: hanya

Masu tasowa daga Kano, Zariya da Kaduna za su bi babbar hanyar Kaduna, su wuce mahaɗar Suleja su shigo ta Zuba. Kafin Zuba, a daidai Madalla, Dutsen Zuma zai bayyana a gefen hanya. Ku tashi yaran daga barci, wannan shi ne kallo na farko kuma kyauta ne. Shi ne dutsen da ke bayan tsohuwar takardar naira 100, kuma in an duba da kyau akwai wani abu kamar fuskar mutum a jikinsa. A jihar Neja yake, ko da yake kowa da Abuja yake haɗa shi. A nan ne kuma za ku iya ba su labarin sunan garin: asalin Abuja garin Hausawan Zazzau ne da Sarki Abu Ja ya kafa, da aka zaɓi yankin ya zama babban birni a 1976 zamanin Janar Murtala Muhammad, sai sabon birni ya ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Gwamnati ba ta taso daga Legas ba sai 12 ga Disamba, 1991. Masu ƙasar da aka gina birnin a kai kuwa mafi yawansu Gbagyi ne, waɗanda muka fi kira Gwari.

Masu tasowa daga Jos, Bauchi da Gombe za su sauko ta Hawan Kibo, su bi Akwanga da Keffi, su shigo ta Masaka, Mararaba da Nyanya. Mutanen Kafanchan kan ratso ta Kwoi su faɗo Keffi. Wanda ya fito daga Yola ko Numan da yara, gara ya yada zango a Jos ya kwana, ya ƙarasa washegari.

Akwai kuma jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, wanda ya fara aiki a 2016. Ga yara, shiga jirgin kaɗai rabin yawon ne, ga makewayi a ciki, ga damar miƙe ƙafa ga tsofaffi. Tun bayan harin da aka kai masa a Maris na 2022 aka tsaurara sayar da tikiti, don haka kowane babba ya riƙe lambarsa ta NIN, a kuma sayi tikitin ta intanet da wuri. Akan dakatar da jirgin lokaci-lokaci, ku tabbatar yana aiki a makon tafiyarku. Tashar Idu tana wajen gari, sai an ƙara kuɗin tasi. In masaukinku a Kubwa yake, ku sauka a tashar Kubwa, kada ku wuce.

In da motarku za ku je, a kai ta wurin bakanike kwana uku kafin tafiya, ba ana gobe ba, domin in ya taɓa wani abu a samu lokacin gwadawa. Birki, taya, safaya, jak, ruwan lagireto. Takardun mota da lasin su kasance ba su ƙare ba, ga tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi in mota ta lalace. Jami'an duba motoci da na kiyaye haɗurra a Abuja ba su da wasa, kuma lambar wata jiha a jikin mota kamar kiran su take yi. Kowa ya ɗaura bel, ƙananan yara a kujerar baya.

Ko ta wace hanya, a tashi da sassafe, a yi addu'a a tsakar gida kafin a fita, a isa da sauran rana. In ta motar haya ce, a shiga a cikin tasha inda ake rubuta sunayen fasinja.

Mataki na biyar: masauki, inda tafiya ke gyaruwa ko ta lalace

Idan ɗan'uwa ya ce muku "ina Abuja", tambaya ta gaba ita ce, "Abuja ta ina?" Wanda ke Garki da wanda ke Gwagwalada da wanda ke Masaka duk Abuja suke cewa. Mararaba da Masaka ma a jihar Nasarawa suke. A ranar aiki, hanyar Mararaba zuwa Nyanya zuwa mahaɗar AYA kan cushe tun da asuba da masu shiga gari, da yamma kuma ta cushe da masu fita, har tafiyar minti talatin ta koma ta awa biyu. Lahadi da sauƙi, amma nisan yana nan.

Mu a zuwanmu na farko can bayan Mararaba muka sauka, gidan wani ɗan'uwa mai kirki ƙwarai. Ba mu biya ko kwabo na ɗaki ba, amma abin da muka zuba wa motoci a kwana biyu ya isa kuɗin ɗaki a cikin gari, ga gajiya a kai. Don haka ku yi lissafin da gaskiya: kuɗin ɗaki kusa da wurin taro a gefe ɗaya, kuɗin motar mutum shida sau huɗu a ɗaya gefen.

In gidan dangi za ku sauka, a sanar da su mako biyu kafin nan, a faɗi yawanku ba ragi. Gidajen ma'aikata a Abuja ƙanana ne, ɗaki ɗaya da falo ne wurin mutane da yawa, ruwa ma a wasu unguwanni saye ake yi a wurin 'yan garuwa. Kada a je hannu rabbana. Doya, dankalin Turawa, acca, citta, wake, garin masara, duk abin da ƙasarku ke nomawa, a ɗauko mai kauri, domin a Abuja kuɗi ne. Uwargida ta shiga kicin ta taya matar gida aiki, yara kuma a ja musu kunne tun daga gida.

In ba dangi, a fara neman masaukin baƙi na ikilisiya. Ya fi otal araha, ba hayaniyar mashaya, kuma akwai wanda zai nuna muku hanya. Sai dai lokacin babban taro cika yake yi, sai an kama da wuri ta hannun fasto. In otal ne, Garki, Wuse, Utako da Jabi suna kusa da tsakiyar gari kuma akwai masu matsakaicin kuɗi. Maitama da Asokoro a bar wa masu su. Kafin ku biya, ku tambaya: akwai ruwa a famfo? Ƙarfe nawa ake kunna janareto, ƙarfe nawa ake kashewa? An yarda yara su kwana ɗaki ɗaya da iyaye, a ƙara katifa? Ɗakin a ƙasa yake ko sai an hau bene? Wannan ta ƙarshe saboda gwiwar Kaka ce. Kada a tura kuɗin ɗaki ga wanda ba a sani ba don kawai ya sa hotuna a Facebook.

Mataki na shida: kaya

Kayan sujada a goge su a gida, a naɗe su daban. In taron zumuntar mata ne, zanen zumunta da ɗankwalinsa su fara shiga jaka. Littafi Mai Tsarki, littafin waƙoƙi, katin shaida na kowane babba, lema, takalmi mara tsini, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, gidan sauro, tabarma ɗaya. Maganin hawan jini ko na suga na tsofaffi ya zauna a jakar hannu, kada a sa shi a but.

Abu biyu da ba a cika tunawa da su ba. Na ɗaya, a rubuta sunan kowane yaro da lambar wayar uba da ta uwa a 'yar takarda, a sa masa a aljihu, a kuma koya masa cewa in ya ɓata ya nufi mai kayan sarki ko mai raba wurin zama a coci. Na biyu, takardar roƙe-roƙen addu'a. Da zarar an ji za ku Abuja taro, maƙwabta da 'yan ikilisiya za su yi ta cewa "a sa mu a addu'a": mai neman aiki, mai jinya, mai jiran haihuwa. In ba a rubuta ba, rabinsu za a manta, kuma amana ce.

Mataki na bakwai: shiga mota a cikin gari

An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, Keke Napep ma iyakarsa wasu unguwanni. Abin da ya rage shi ne tasi. Akwai motocin da ke ɗibar fasinja a bakin titi, a cikinsu ne kuma ɓarayin da ake kira "wan cans" suke fakewa: mota ce da mutane a ciki kamar fasinjoji, sai an yi nisa su juyo kan wanda ya shiga. Baƙo mai iyali ba shi da dalilin tsayar da motar da bai sani ba. A yi amfani da Bolt ko Uber, a duba lambar motar ta yi daidai da ta cikin waya kafin a shiga. Abin da ya fi wannan ma, mai masaukinku ya haɗa ku da direban da ya sani, ku ɗauke shi shata na yini guda, a yi ciniki a gama tun da safe, a faɗi wuraren da za a je da lokacin dawowa, a kuma fayyace wa zai sayi mai.

Titunan Abuja faɗi gare su, motoci kuma gudu suke. Inda akwai gadar masu tafiya a ƙasa a hau ta, ko da an yi zagaye. Lambar gaggawa ita ce 112.

Mataki na takwas: Asabar, rabin yini kawai

Ku fara da wurin taron kansa. Wannan ziyara biyu ce a ɗaya: kallo ne, kuma leƙen hanya ne. Ku ga ƙofar da jama'a ke shiga, inda ake ajiye mota, inda makewayi yake, ku kuma auna minti nawa kuka ci daga masauki.

Cibiyar Kirista ta Ƙasa tana tsakiyar birni, kusa da hedikwatar Babban Bankin Nijeriya. Ginin ya daɗe a tsaye ba a gama ba, sai zamanin Shugaba Obasanjo aka tara kuɗi aka kammala, aka keɓe shi a Oktoban 2005, lokacin Akbishop Peter Akinola yana shugabancin CAN. Ita CAN ɗin a 1976 aka kafa ta, shekarar da aka yanke shawarar gina Abuja. Ku nemi izini a ƙofa, in ba a cikin wani shiri ake ba akan bar baƙi su shiga. Ku sa yara su ɗaga kai su ga yadda bakunan ginin suka tashi suka haɗe a can sama, da gilasan tagogi masu launi, da bagaden da aka sa a tsakiya maimakon a jikin bango, aka kuma yi shi yadda zai iya juyawa a hankali domin kowane ɓangare na jama'a ya fuskance shi. Asabar ce ranar ɗaukar hoto a natse. Gobe ba za ku samu wannan sararin ba.

Daga nan a zaga da mota. Masallacin Ƙasa da ƙubbarsa mai ruwan zinariya da hasumiyoyi huɗu yana nan kusa, ana hango ɗaya daga ɗaya, kuma ya kamata yara su ga haka da idonsu. Tsakaninsu akwai doguwar hasumiyar Millennium da aka fara a 2006. Sai Dandalin Eagle Square inda ake rantsar da shugabannin ƙasa, daga nan ana hango koriyar ƙubbar Majalisar Tarayya, Dutsen Aso kuma a bayanta. A wannan yankin a yi kallo daga cikin mota. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton shingen sojoji ko ƙofar fadar shugaban ƙasa, in ba haka ba sauran yinin a wurin ba da haƙuri zai ƙare.

Sai a zaɓi wurin da yara za su sake. Akwai gidan namun daji da filin wasan yara a Asokoro, a gindin Dutsen Aso, ana biyan kuɗin shiga. Akwai Lambun Millennium a Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a Disambar 2003, lokacin taron ƙasashe renon Ingila: ciyawa shimfiɗe, inuwa, wurin baza tabarma a ci abincin da aka zo da shi. Ɗaya za a zaɓa, ba duka biyu ba, a kuma tambayi direba ko a buɗe yake a ranar. Ni na fi son lambun, domin tsofaffi suna hutawa yara suna gudu, kowa ya samu nasa.

In da sauran ƙarfi bayan la'asar, a leƙa Tafkin Jabi a sha iska. Akwai jiragen ruwa na haya, amma ba rigar kariya, ba shiga, komai kukan yaro. Tsaraba ma yau ake sayenta, domin Lahadi yawancin shagunan kasuwa a rufe suke: kilishi a unguwar Area 1, sauran tarkace a Kasuwar Wuse, a kuma taya da rabin kuɗin da aka faɗa.

Wanda ke da ƙarin kwana zai iya zuwa Ushafa ta hanyar Bwari, ƙauyen masu ginin tukwane da Shugaba Bill Clinton na Amurka ya ziyarta a 2000. A can sai a ciro naira 20 a nuna wa yara Ladi Kwali a bayanta, maginiyar tukwane 'yar wannan yanki. 'Yan Katolika kuma za su so ganin filin Kubwa inda Fafaroma John Paul na Biyu ya yi sujada a Maris na 1998. Amma waɗannan na mai kwana huɗu ne. Mu a karon farko wuri shida muka zaga a Asabar ɗaya, muka koma gida bayan tara na dare. Washegari ƙafar Kaka ta kumbura, autanmu ya yi barci daga waƙar farko har albarka, mun kuma iso bayan an cika, muka ƙare a can baya inda ba ma ganin komai. A mota maman yara ta ce da ni, "Baban su, wai addu'a muka zo ko yawon duniya?" Ban da amsa. Kafin magariba kowa ya kasance a masauki, a yi wanka, a ci tuwo, a kwanta.

Mataki na tara: ranar taro

A ci abinci mai riƙe ciki kafin a fita, kowane yaro ya zaga bayan gida ko ya ce ba ya ji. A isa awa ɗaya da rabi kafin lokaci, in sujadar ƙasa ce a mai da shi awa biyu, domin da zarar ayarin manya ya kusa isowa akan tsayar da kowa. Jaka ɗaya ƙarama ta isa. Duk abin da zai ja tambaya a wurin bincike, kamar wuƙar yanka lemo ko almakashi, a bar shi a masauki. Mai mota ya ajiye ta inda jami'ai suka nuna, ya fuskantar da ita hanyar fita.

Kafin a shiga, a tsaya a nuna wa kowa wuri ɗaya, wata bishiya ko wani ginshiƙi, a ce, "In mun rabu, nan za a haɗu." A raba aiki: uba ya riƙe wannan, uwa ta riƙe wancan, babban yaro ya kula da Kaka. Yaron da aka ce kowa na duba shi, shi ne wanda ke ɓata.

Kada ku yi kwaɗayin gaba. Ku nemi kujerun bakin layi kusa da ƙofa, inda za a iya fita da yaro a dawo ba a tayar da mutum ashirin ba. Ku gaya wa masu raba wurin zama cewa kuna da tsohuwa, sukan taimaka. Waya a kashe mata ƙara. Ruwa da biskit a jaka domin ƙanana, a ba su a waje ko a ɓoye, ba tare da ƙarar leda ba. In akwai takardar tsarin sujada, a karɓa a ba yaron da ya iya karatu ya riƙa bi da yatsa yana gaya wa ƙannensa abin da ke tafe. Wannan dabarar ta riƙe mini ɗan shekara tara awa biyu cur. Wani ya zauna kusa da Kaka yana raɗa mata taƙaitacciyar fassara: ayar da aka karanta, da abin da ake roƙo a kai.

Lokacin addu'o'in roƙo, akan yi domin ƙasa, da shugabanni, da zaman lafiya, da masu tsaro. A nan ne za a ciro takardar nan ta gida. In ba a ba da sararin addu'ar kai ba, a ajiye ta zuwa dare, iyali su zauna a masauki a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro a ba shi suna ɗaya ya yi wa addu'a. Hoto da bidiyo a taƙaita. Wanda ya yi sujadar duka ta cikin gilashin waya, da ya zauna a gida ya kalla a talabijin ya huta da kuɗin mota.

Bayan albarka kada a ruga ƙofa. A zauna minti goma sha biyar, manya su fita da jiniyarsu, turereniya ta lafa. A irin wannan cikowa sabis ɗin waya kan yi nauyi, kuɗin Bolt kuma ya haura, shi ya sa direban shata da aka yi alkawari da shi tun jiya ya fi. In babu shi, a taka kaɗan a bar bakin ƙofa kafin a kira mota.

Mataki na goma: komawa

A haɗa kaya Lahadi da dare. Litinin da safe cunkoson na masu shiga gari ne, don haka mai fita daga Garki ko Wuse zuwa Keffi ko Zuba hanyarsa a buɗe take. Wanda ya kwana a Mararaba kuma Kaduna ya nufa, shi ne zai ratsa gari tare da ma'aikata: ko ya fita kafin shida, ko ya jira sai bayan goma. Motocin Arewa ana samunsu a tashoshin Jabi, Utako da Zuba, na ɓangaren Jos kuma har da Nyanya da Mararaba. In ranar ta faɗo 1 ga Oktoba, a kauce wa kewayen Eagle Square, akan rufe hanyoyin wurin in ana biki.

In yara za su rasa makaranta ranar Litinin, a sanar da malaminsu tun kafin tafiya. A yi wa masu masauki sallama ta mutunci, a damƙa wa yaran gidan ɗan abin sayen alewa, in an isa kuma a kira a ce an sauka lafiya. Kilishin nan a ware na fasto da na wanda ya kula muku da gida da kaji. Takardar sunayen kuma kada a yar da ita: Lahadi mai zuwa, a bakin majami'a, masu su za su tare ku ɗaya bayan ɗaya suna tambaya ko an tuna da su.